Burodin Gwangwani na Inna Hajo

Shekarar da gwamnati ta buɗe makarantun firamare a kowane lungu ta ce kowane yaro ya shiga kyauta, a shekarar aka turo ni Jibiya koyarwa. Bazawara ce ni a lokacin, ba ɗa ba miji, sai akwati ɗaya da risho da 'yar tukunya. Na kama ɗakin haya kusa da hanyar da ta miƙe zuwa shingen kwastan. Sunana Safiyatu, amma duk garin Malama suke ce mini. Katanga ɗaya ce ta raba ni da gidan marigayi Bawa, inda matarsa Hajo take zaune, kuma labarinta zan ba ku, domin na ga ana ta rubuta labarin mutanen da ba su kama ƙafarta ba.

Wanda bai ga Jibiya a shekarun nan ba, ba zai gane yadda kuɗin man fetur suka juya kan mutane ba. Tun da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka sauka, kowa babba yake so. Babbar rediyo, babban babur, babbar riga mai aiki har gwiwa. Manyan motoci kan jeru tun daga shinge har cikin gari suna jiran a duba su su wuce Maraɗi. Har burodi bai tsira ba. Kowace safiya mota takan zo daga Katsina da burodi mai girman matashin kai, mutum ya saya ya rungumo shi ya ratsa kasuwa a hankali domin kowa ya shaida.

To amma su wa ke saye? Kwastan ne da 'yan sanda da ma'aikatan shige da fice da malamai irina, kowa shi kaɗai a ɗakinsa, ko su biyu, iyalansu suna can Zariya ko Ilori ko Makurɗi. Mutum ya yanki gefe ya sha shayi, gobe ya ƙara yanka, jibi abin ya bushe ko ya yi fumfuna, ya wurga bayan ɗaki. Ban taɓa ganin awaki masu ƙiba irin na bayan barikin kwastan ba. Ni ma sun ci rabona ba sau ɗaya ba.

Hajo 'yar ƙauyen Mazanya ce, doguwa, mai faɗin tafin hannu, ba ta tafiya da sauri kuma ba ta maimaita magana. Mijinta Bawa mai masauki ne tun zamanin gyaɗa. Fatake daga Ɗan Isa da Maraɗi da ƙauyukan Bugaje a zaurensa suke sauka da jakunansu, kuma duk daga tukunyar Hajo suke ci. Tukunyar nan na gan ta da idona, ta ƙarfe ce, sai maza biyu sun kama kafin ta hau murhu. Gurasa kuwa wata Bakanuwa ce da ta taɓa yin jinya a gidan ta koya mata, ta kuma gina mata tanderu a bayan ɗakin girki. Daga nan duk wanda ya sauka gidan Bawa ya san da safe akwai gurasa mai zafi.

Gidan yana da doka guda wadda kowa ya sani: kwano ba ya komawa cikin gida wayam. Idan baƙo ya suɗe kwano, to an kunyata, ba a ƙosar da shi ba ke nan, kuma Bawa ba zai sake fuska ba sai an ƙaro abinci an ga ya rage. Haka muka tashi dukanmu, ba gidan Bawa kaɗai ba, amma shi ya riƙe abin da ƙarfi fiye da kowa. Hajo ta yi shekara da shekaru tana awo da ƙwarya a inda wasu ke awo da ludayi.

Sai fari ya zo, gyaɗa ta mutu, fataken jakuna suka ɗauke ƙafa, direbobin manyan motoci kuwa ba sa kwana gidan kowa. Bawa ya rasu. 'Ya'ya mata suna gidajen mazansu a Katsina da Gusau. Ɗan farinta Lawwali ya tafi Kaduna yana jigilar siminti har ya sayi motar kansa. Gidan da a da ake shimfiɗa tabarmi har tsakar gida ya koma mutum biyu, Hajo da Salmatu, yayar Bawa, wadda idonta ya daɗe da rufewa. Salmatu ta san gidan da hannu da ƙafa. Takan tashi daga ɗakinta ta je randa, ta zaga bayan gida, ta fita zaure ba sanda, ta kuma gaya maka wanda ya yi sallama kafin ya rufe baki.

Mutane sun ragu amma hannun Hajo bai ragu ba. In ta ce za ta tuƙa tuwon mutum biyu, sai ka ga na mutum goma. In ta kunna tanderu sai ta cika shi, ga shi ba mai sayen gurasa tun da burodin Katsina ya shigo. Ta aika wa maƙwabta, maƙwabta su karɓa don kunya, su ma nasu ya ishe su. Na sha ce mata ta kan katanga, "Inna, ki rage mana." Sai ta ce, "Malama, na rage hwa. Ba ki ga na da ba."

Abin da ya rage hannun nata da damina ya faru. Lawwali ya biyo ta Jibiya da lodi zai kai Maraɗi, ya tsaya ya ajiye musu tsaraba, har da burodin Kaduna guda biyu waɗanda suka fi na Katsina girma. Tsofaffi biyu suka yi ta fama da shi safe da yamma, ko ɗaya bai ƙare ba. Ran nan Hajo ta tafi suna Bugaje. Salmatu ta ji yunwa, ta laluba ta buɗe langa, ta ɓalli burodi ta jiƙa a kunu ta ci. Burodin kuwa ya yi kore har ciki. Da la'asar na jiyo kakari ta katanga, na zagaya na same ta kwance a ƙofar ɗaki. Ni da matar mai gidan hayata muka kai ta ɗakin shan magani, ta yi kwanaki cikinta ba ya riƙe ko ruwa.

Da ta sami sauƙi na tambaye ta, cikin faɗa, domin na tsorata ƙwarai, ko ba ta ji ɗanɗanon ya sauya ba. Ta ce, "Na ji mana. To in zubar? Abincin Allah ne, kuma tsarabar ɗana." Hajo tana zaune a gefen gado. Ba kuka ta yi ba, amma ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

Ba a jima ba ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, gwangwanayen madarar ga da kike tarawa, mi za ki yi da su?" Na ce zubarwa. Ta ce in miƙo. Ta kai wa Kalilu maƙeri, mai ƙera fitilar aci-bal-bal da irin gwangwanayen, ya yanke musu kai ya lanƙwasa bakin don kada su yanki hannu. Tanderu ba ya ƙaramin aiki, itacen da zai ci don gurasa biyu shi zai ci don cikinsa duka, saboda haka ta kife masa tsohon kwano ta bar shi. Ta je gulbi ta ɗebo yashi mai laushi, irin wanda mata ke suyar gyaɗa da shi, ta zuba a gindin wata tukunya ta ɗora a wuta har yashin ya ɗauki zafi. Ta dasa gwangwanayen a ciki da kwaɓinsu, ta rufe da murfin ƙarfe, ta zuba garwashi a kai.

Na farko ƙasan ya ƙone, tsakiyar ɗanya. Na biyu ya kumbura ya fito ya manne da murfi. Hajo ta ɗaga shi ta juya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan ko awakin bariki sai sun yi shawara. Ko sau ɗaya ba ta yi shakkar abin zai yi ba. Ita dai ta gane ba a fulawa matsalar take ba, a hannunta take, domin duk yadda ta yi niyyar ɗibar kaɗan sai ta zarce. A ƙarshe ta miƙa wa Salmatu awon. Salmatu ba ta ganin girman buhu balle ya ruɗe ta. Ta cika gwangwani da fulawa, ta share bakinsa da yatsa, shi ke nan. Ita ce kuma ke shafe cikin gwangwanayen da man gyaɗa, ita ce ke zama kusa da murhu ta ɗaga hanci ta ce, "Hajo, sauke, ya yi."

Ranar da abin ya yi daidai guda biyu suka gasa, ɗaya na Hajo, ɗaya na Salmatu. Burodi ne ɗan dunƙule, kansa ya tashi ya yi ja, cikinsa laushi, ga ɗan ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi. Mutum ya ci da shayi ko kunu ya ƙoshi daidai, ba abin da zai kwana. Ƙamshin ya haura katanga ya same ni ina ɗaura ɗankwali. Na zagaya na ce ai gwangwanayena ne, ina da haƙƙi. Washegari aka ƙara na uku.

Daga ni sai wani kofur na kwastan, mutumin kudu, wanda ya ga burodin a hannuna a bakin hanya ya tambaya da Hausarsa ta bariki inda ake sayarwa. Kofur ya gaya wa abokin ɗakinsa. Sai Manu, tsohon makiyayi da fari ya cinye wa shanu ya koma gadi a tasha, wanda haƙoransa ba sa iya busasshen burodi. Sai matan direbobi waɗanda mazansu ba sa zama, sai wata unguwarzoma da aka turo daga Funtuwa. Mutum ɗaya gwangwanin madara, mata da miji gwangwanin bota, wanda ya ɗan fi faɗi. Hajo ba ta talla, ba ta kuma gasa na jiran mai saye. Wanda yake so ya kawo gwangwaninsa, ya zama nasa, kuma Salmatu ta san kowanne da inda ya lotse. Da safe sai ta zauna a zaure da faranti a cinya, mutum ya yi sallama, ta gane muryar, ta laluba ta zazzage masa nasa. In za ka yi tafiya ka faɗa tun jiya, gwangwaninka ya huta.

Zan faɗi gaskiya, ni ba burodin kaɗai nake zuwa karɓa ba. Mace ita kaɗai a garin da ba nata ba, girki ma kunya yake ba ta, domin duk tukunyar da ka ɗora tana tuna maka ba kowa. Sanin cewa a wani gida akwai gwangwani da ake shafa wa mai saboda ni, in ban zo ba kuma a leƙo ta katanga a ji ko lafiya, wannan ya riƙe ni a Jibiya fiye da albashi.

Akwai wani Arzika, ɗan kasuwa da arziki ya same shi dare ɗaya wajen tsallakar da kaya ta iyaka, ya ji labari ya zo ya ce a juye masa farantin duka, ba ya son a ga ya fito da abu ɗan mitsitsi a hannu. Hajo ta aiko daga ciki a tambaye shi bakin mutum nawa ne a gidansa. Ya ce shi da amaryarsa. Ta ce to ya nemo gwangwanin bota ya dawo gobe. Ya tafi yana ƙunƙuni, amma ya dawo, da gwangwanin a ɓoye cikin hannun riga.

Kada ku ɗauka garin ya yi murna. Matan unguwa, waɗanda suka ci tuwon Hajo har suka gaji, su ne suka fara cewa ta yi rowa da tsufa. Wata ta ce a gabana wai gidan Bawa ya koma awo da cokali. Wata ta ce yunwa ce, rufawa kawai ake yi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin na san masu maganar, na kuma san abin da ke ruɓewa a kwanukansu. Na kawo wa Hajo maganar da zafinta. Ta ci gaba da murza kwaɓi ta ce, "Ƙyale su, Malama. Ni na san bakin da nika ciyarwa."

Amma magana ta hau mota. Direbobi suka kai wa Lawwali a Kaduna cewa uwarsa na gasa burodi a gwangwanin madara, abin da bai kai dunƙulen hannu ba, kuma shi suke ci ita da gwaggonsa. Ga mutumin da ya tashi a gidan da ba a suɗe kwano, wannan abu ɗaya yake nufi, wato babu ta shiga gidan. Ya aiko cewa da kaka zai zo da mota ya kwashe Inna da kayanta zuwa Kaduna, a rufe gidan. Ba mugu ba ne, ya ce har da Gwaggo, ita ce ma ta goya shi. Amma Lado, ƙanen Salmatu da ke Riko, ya ce in an rufe gidan Bawa to yayarsa wurinsa za ta koma, ba za a kai makauniya gidan bene a garin da ba ta san kowa ba. Ko ta ina aka duba za a raba tsofaffin nan biyu, kuma Salmatu za ta koma laluben bangon da hannunta bai sani ba.

Salmatu ba ta yi gardama ba. Ta tattara 'yan zannuwanta da carbinta ta ɗaure a ƙunshi ta ajiye a bakin gado, ta ce ba za ta zama sanadin hana uwa cin arzikin ɗanta ba. Hajo ta kwance ƙunshin. Salmatu ta sake ɗaurewa. Haka suka yi ta yi har gero ya nuna, ba wadda ta ɗaga wa wata murya.

Na ce wa Hajo ta aika masa ta ce ba ta zuwa, a huta. Ta dube ni kamar na faɗi abin dariya. Lawwali ɗan fari ne, kuma irin su Hajo ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa kallon idonsa, ba sa yi masa magana kai tsaye. In yana wurin sai su yi magana da wani, shi kuma ya ji. Tun yana jariri Salmatu ce bakinta a wurinsa. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Bari dai shi zo shi ci."

Ya zo wata rana da yamma, ya tsayar da motar a ƙofar gida har ta tare hanya, ya kwana a zauren ubansa. Lokacin hutun makaranta ne. Na zagaya da safe karɓar burodina, da na ga yadda gidan yake sai na jawo turmi na kife na zauna. Ba na ɓoyewa, ni ba mai barin labari ya wuce ni ba ce.

Lawwali ya shigo ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya gaida Inna, ta amsa tana kallon murhu. Ƙato ne, da babbar riga da agogo, amma a tsakar gidan nan ba ya ɗaga kai sosai. Aka shimfiɗa masa tabarma. Salmatu ta ɗaga hanci ta ce a sauke. Hajo ta kwashe garwashin, ta zaro gwangwanayen da tsumma ta jera, ta ɗauki guda ta bubbuga gindinsa, burodin ya faɗo a faranti. Ta tura farantin wajen Salmatu tare da kofin shayi, Salmatu ta tura gabansa.

Ya daɗe yana kallon abin. Babban faranti, ɗan burodi a tsakiya shi kaɗai. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe gaskiya anka gaya mani," ya ce. "Inna, gidan Bawa ne hwa. Nan anka ciyar da mutanen Maraɗi da na Ɗan Isa. Ina raye, ina da mota, a ce wanga ne abincinku? Ki ɗaure kaya, yau za mu tahi."

Hajo ta gyara itace a murhu, ta juya wajen Salmatu. "Yaya, ce mashi ba yunwa muke ji ba. Buhun da ya aiko ga shi can bai ƙare ba."

"Ka ji," in ji Salmatu.

"To mi ya kawo wanga?"

"Yaya, ce mashi..." Hajo ta tsaya. Tun damina ta hana kowa gaya masa zancen burodin Kaduna. Salmatu ce ta karɓe. Ta ba shi labarin tas, da langa da kunu da ɗakin shan magani, tana dariya kamar wata ce abin ya sama. "Tsarabarka ta kusa tahiya da ni, ɗan nan. Ba laihinka ba ne. Kai ka kawo don gida shi ci, ka mance gidan mu biyu ne."

Lawwali ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago muryarsa ta yi ƙasa, amma bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce shi ya sa ma ya kamata su bar nan, ga shi ciwo ya kama ta ba namiji a gida. Ya ce a tasha ana nuna shi da baki. Ya ture farantin kaɗan da yatsa, ya ce shi ba zai iya cin wannan ba, in ya ci zai cinye, kuma bai taɓa cinye kwano a gidan ubansa ba.

Salmatu ta juya fuska wajen Hajo tana jiran abin da za a ce ta faɗa. Ƙunshinta yana nan a ƙofar ɗaki, ita ta fito da shi da kanta kafin kowa ya tashi. Sai Hajo ta ajiye tsumman, ta juyo, ta dubi ɗanta a ido.

"Cinye," ta ce. "Nawa ne na ba ka."

Salmatu ta gaya mini daga baya cewa tun da aka haife shi ba ta taɓa jin Hajo ta yi masa magana baki da baki ba sai ran nan. Ni dai abin da na gani shi ne ƙaton mutum ya jawo faranti da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya gutsura. Burodin da zafinsa, tururi na fita. Ya ci a hankali, ko a shayin bai tsoma ba, har ya tsince ɓurɓushin da yatsa. Hajo kuwa tuni ta mayar da fuskarta ga murhu.

Ya goge baki ya yi gyaran murya. "Gwaggo, a tambayar mani ko da ƙari."

Dariya ta ƙwace mini. Hajo ba ta yi ba, amma na ga kafaɗarta ta motsa. "Yaya, ce mashi sauran duk da masu su."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a zaure. Salmatu ta miƙe ta ɗauki babban farantin ta nufi ƙofa. Lawwali ya tashi zai karɓa, ta ce ya dai biyo ta. Na bi su na tsaya a bakin ƙofar ciki. Kofur ne da kakinsa, ya rusuna ya ce, "Mama, ina kwana," ta zazzage masa nasa da na abokin ɗakinsa. Manu ya zo da sandarsa, ya zauna a dakali ya fara cin nasa nan take, ya ce wa Lawwali ya san shi tun yana rarrafe, ya kuma tambaya motar nan ta mece ce. Lawwali ya kau da kai. Unguwarzoma ta biyo za ta wurin aiki, matan direbobi suka zo a lulluɓe, wani ɗan sanda ya jingine keke, Arzika ya shigo yana kauce wa idon mutane. Duk wanda ya yi sallama Salmatu ta kira sunansa kafin ya zauna. Zauren da Lawwali ya kwana a ciki shi kaɗai ya cika da gaisuwa, har wasu suka tsaya waje jikin motarsa.

Da faranti ya rage guda biyu, nawa da na Salmatu, Manu ya karkaɗe rigarsa ya miƙe. "In kaya ka zo ɗauka, yaro," ya ce, "to ka gaya muna inda za mu karya gobe."

Lawwali ya koma ciki ya tsaya a tsakar gida yana kallon tanderun da aka kife wa kwano da tukunyar yashin da ke gefensa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya je ƙofar ɗakin Salmatu, ya ɗauki ƙunshinta, ya shiga ya ajiye a kan gado.

"Yaya," in ji Hajo, "ce mashi mota ba ta komawa wayam daga gidan ga. Shi ɗauki babbar tukunya. Gidanshi ne ke da mutane yanzu, ga mata ga ɗiya ga yaran mota. A riƙa cika ta."

Sai da aka kira Kalilu ya kama masa kafin tukunyar ta hau. Ita kaɗai ta zauna a bayan motar da aka kawo don kayan gida guda. Kafin ya tafi ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce duk ranar da lodi zai biyo da shi ta Jibiya zai aiko tun jiya, a ware masa gwangwani. Salmatu ta ce ya kawo nasa, nan ba a ba da aro.

Hajo ta ci gaba da gashin burodinta shekaru bayan an mayar da ni Katsina. Matan da suka ce ta yi rowa, da 'ya'yansu suka watse Legas da Kano suka bar su su biyu da tsofaffin mazansu, sun aiko da gwangwanayensu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta tuna wa ko ɗayarsu abin da ta faɗa ba. Da ni ce da sun ji.

Safiyar nan dai, da ƙarar motar ta yi nisa muka koma ciki, na tuna Hajo ba ta karya ba, nata yana cikin ɗanta. Na miƙa mata nawa ta ƙi, ta ce kowa da nasa. Salmatu ta bubbuga gwangwaninta, ta raba burodin biyu, ta auna a tafin hannu, ta miƙa wa Hajo babban. Hajo ta lallaɓa ta musanya, ta ajiye babban a cinyar Salmatu ta ɗauki ƙaramin. Salmatu ta shafa abin da ke cinyarta, ta tsaya. Ta laluba ta kamo hannun Hajo, ta buɗe mata yatsu, ta ɗauke ƙaramin ta mayar mata da babban.

"Ido na rasa, Hajo, ba hannu ba," ta ce. "Ci, gobe da aiki."